Makullin Injin Ruwa

Shekarar da aka kawo mana injin ruwa ina sana'ar ɗinki ne. Rumfata tana bakin hanyar da ta ratsa ƙauyenmu ta nufi Babban Duhu, kuma duk ranar kasuwar Batsari nakan hau keke in je in sayo zare da yadi. Ba a daɗe da canza kuɗi ba, mutane suna karɓar naira da kwabo amma bakinsu bai daina cewa fam da sule ba. Ana ta labarin ƙasa ta yi arzikin mai. Mu abin da ya iso gare mu daga wannan arziki shi ne wata babbar mota mai dogon ƙarfe a baya, wadda ta yi kwanaki tana huda ƙasa a gabas da gari har ruwa ya tsarto.

Kafin nan rijiya ɗaya gare mu, mai zurfin da in ka leƙa ba ka hango ruwan. Da rani sa ake ɗaura wa igiya ya ja wasaki, mata kuma su yini a bakinta suna jiran juna. To da ma'aikata suka gina ɗan ɗaki suka dasa inji a ciki, suka ɗora tanki a kan ƙarafa, suka jera famfuna, suka kuma zuba dogon kwami na siminti domin dabbobi, sai muka ɗauka wahala ta ƙare. Ranar da za su tafi babbansu ya nuna mana duro biyu na man gas ya ce, "Wannan kyauta ne. In ya ƙare, saura naku. An ba ku inji, ba a ɗauki alkawarin ciyar da shi ba." Kowa ya ce to. Ban jin akwai wanda ya saurara da kyau, don a lokacin ruwa na zuba.

Ni aka ba makullin ɗakin. Dalilin mai gari shi ne ni na kowa ne. Mahaifinmu malami ne, ya rasu ya bar makaranta a hannun yayana, wanda duk gari ke kira Malam, ni ma haka nake kiransa. Innarmu kuwa Bafulatana ce, ƙanenta, wato Kawu, wanda ke kiran ta Adda, shi ne babba a rugar da ke arewa da gari. Mai gari ya ƙara da cewa tun da ina zuba wa keken ɗinki mai, ai na san ƙarfe. Aka yi dariya, ni ma na yi, na saka makullin a aljihu.

Watannin farko babu wanda ya tambayi komai. In na murza ƙarfen tada injin ya yi tari ya kama, sai gari ya taso. Aka mai da wanki bakin famfo. Waɗanda suka je birni aikin gini suka dawo da kuɗi suka fara buga tubali nan kusa, suna kwasar ruwa duro-duro. Wani mai babbar mota yakan tsaya ya wanke ta tas. Famfo ɗaya ya soma ɗiga, aka ɗaure shi da tsumma. Shanu kuwa ba na rugar Kawu kaɗai ba, har na masu wucewa da suka ji labari. Ni kaɗai nake shiga ɗakin, ni kaɗai nake zura kara cikin duro in ga inda mai ya tsaya, saboda haka ni na fara rasa sukuni. Ina cikin ɗinki sai in ji ƙarar injin ta canza a kunnena, in tashi in ruga, in tarar lafiya lau yake. Matata ta ce na koma kamar mai jiran haihuwa.

Duro na biyu ya kusa ƙarewa ana tsakiyar bazara. Na je na faɗa wa mai gari, ya tara magidanta a ƙofar gidansa da hantsi. Bayan an gaisa an tambayi iyali da zafi da dabbobi, ya ce a kawo shawara.

Wani dattijo ya ce abu mai sauƙi ne, kowane gida ya ba da daidai da na kowa. Nan take wani magidanci da ke zaune da matarsa da jariri ya ce, "Ranka ya daɗe, mu uku ne. Gidan Malam in aka haɗa da gardawa sun fi ƙarfin ƙirga. Ta ƙaƙa za mu biya ɗaya?"

Malam ya gyara rawani. Mutum ne mai magana a hankali, amma in ya kafe ya kafe. Ya ce, "Ruwan gidana na alwala ne da wanke allo. Masu karatu baƙin Allah ne, ba ni na haife su ba. In za a ƙirga kai, a fara da masu ƙafa huɗu. Saniya ɗaya tana shan abin da gidana ba ya sha a yini."

Kawu yana tsugunne a gefe, sandarsa a kafaɗa. Bai ɗago ba ya ce, "Saniyar nan da kake faɗi, Malam, a gonarka take kwana da kaka. Geron da gardawanka ke ci, kashinta ne. Ka taɓa biyana?"

"Kai ka taɓa biyan karan da take ci?"

Mai gari ya ɗaga hannu. Aka yi ta kai da kawo har rana ta taka tsaka. Wani ya ce a sayar da ruwan garwa-garwa, Malam ya ce shi ba zai zauna a garin da ake sayar wa mai ƙishirwa ruwa ba. Wani ya ce a ɗora a kan haraji, aka ce haraji na hukuma ne. A ƙarshe aka tsaya a kan ƙirgen kai: kowane baligi kaza a wata, kowace saniya kaza, ƙananan dabbobi rabi, yara da masu karatu kyauta. Babu wanda ya tashi da farin ciki. Aka ce ni zan bi gida-gida da ruga-ruga in karɓa, in sayo mai a Batsari.

Daga ranar ban sake zama cikakken tela ba.

Ƙirgen mutane ma bai zo da sauƙi ba. Gidan da na san akwai samari uku sai a ce mini biyu sun tafi ci-rani, alhali na gan su da safe a bakin famfo. Wata tsohuwa da ba ta da kowa ta miƙo mini ƙwai, na rasa yadda zan yi, na saya da kuɗina na zuba a asusun. Masu buga tubali suka ce ai sun biya kuɗin kansu, ba a ce ga iyakar abin da kai zai ɗiba ba. Amma ƙirgen shanu ya fi komai wuya. Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, ba ya kuma son a ƙirga masa. Ranar da na tsaya bakin kwami ina motsa baki, Kawu ya zo ya tsaya a gabana ya tare mini gani.

"Mi kake yi?"

"Kawu, aiki aka sa ni."

"Ɗan Adda ne zai sa wa shanuna ido? In ɗaya ta faɗi gobe, mi zan ce?"

Na ce to ya faɗa mini da bakinsa. Ya faɗi wani adadi da ni da shi duka mun san bai kai ba. Na karɓa a haka. Da na koma gari Malam ya tare ni a zaure ya ce ya ji ina yi wa dangin uwa sassauci. Da na koma ruga aka ce ina yi wa gardawa kyauta da kuɗin nono. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ke cinye man. Har aka fara cewa tela ya sayi sabon fambel na keken ɗinki, a ina ya samu. Nakan zauna a kan keken ɗinki in rasa inda na tsaya a riga. Na taɓa ɗinke wa wani bakin aljihu gaba ɗaya, ya dai kai ɗinkinsa na gaba wurin wani.

Duk da haka muka lallaɓa har damina ta sauka, tafkuna suka cika, aka manta da inji. Da rani ya dawo aka dawo da rigima, ga mai ya ƙara kuɗi. A cikin wannan ranin ne injin ya yi wata ƙara wata safiya, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Na murza har hannuna ya yi kanta, bai kama ba.

Na ɗauko bakanike daga Batsari a bayan keke, shi da jakar ƙarafansa. Ya kwance, ya duba, ya goge hannu, ya faɗi kuɗin gyara. Kuɗin ya fi abin da muke tarawa a wata uku. Ya kuma ce, a gaban kowa, injin ya gaji ne don ana barinsa yana aiki tun safe har la'asar ba hutawa.

Wannan magana ita ta kunna wutar. A taron da aka yi, mutanen gari suka ce don cika kwami ake barin injin yana gudu, saboda haka gyara na masu shanu ne. Kawu ya ce tun farko su ke biyan kaso mafi tsoka, kuma shanunsa ba su taɓa buga tubali ko wanke mota ba. Malam ya ce, "In ruwan ya yi muku tsada, daji na da faɗi." Ban jin ya yi nufin ta fito haka, amma ta fito. Kawu ya miƙe tsaye, ya dube shi, ya ce, "Ka faɗi gaskiya, Malam. Yana da faɗi." Ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Kafin mako ya zagayo rugar ta tashi. Suka kora shanu suka nufi wajen Ruma, inda akwai wani rafi a bakin daji da ba ya ƙafewa da wuri. Na je na tarar da turaku da toka da tsofaffin ƙwarya. Na tsaya a wurin ban san abin da nake jira ba.

Mutanen gari suka yi zuciya suka ce za su nuna ba sai da Fulani ba. Aka yi karo-karo, wasu suka sayar da awaki, aka gyara inji. Ya tashi, aka yi murna. Amma da wata ya ƙare na tara kuɗin kai, sai ga shi bai isa sayen rabin man da ake bukata ba. Injin bai san an rage masu sha ba, in zai tura ruwa sama sai ya ci abin da zai ci. Aka ninka kuɗin kai. Waɗanda ba su iya ba suka koma tsohuwar rijiya, wanda ya rage masu biya, aka sake ƙarawa. Muka koma tada inji kwana ɗaya a huta biyu. Ranar da ba a tada ba, mata su zo su ajiye tuluna a ƙofar rumfata su tsaya. Ga babu nono a gari, fura sai da ruwa da tsamiya. Manoma kuma suka fara lissafin gonakin da ba za su ga taki ba bana.

Innarmu tana zaune a gidan Malam. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta faɗa wa wani, ko ta fuskanci bango ta faɗa. Tun ranar da rugar ta tashi ba ta ce uffan a kan maganar ba. Abin da ta yi kawai, ta sa aka fitar da randar ruwan famfo daga ɗakinta. Kullum da safe sai ta ɗauki ƙaramin tulu da guga ta nufi tsohuwar rijiya. Mace ce da ta tsufa, gwiwa na damunta, ga rijiyar da nisa. Matan gida suka ce su ɗebo mata, ta ƙi. Jikoki suka bi ta, ta kore su. Sai ta ja gugan nan da kanta, tana hutawa tana ja, ta dawo da rabin tulu a ka, ta bi ta gaban zauren da Malam ke ba da karatu.

Na same ta wata rana a bakin rijiyar tana haki. Na karɓi igiyar, ta fizge.

"Inna, mi ya yi zafi haka? Ga ruwa a ƙofar gida."

"Ruwan da aka kori na'in babana a kansa?" Haka take kiran shanun, da bakinsu na Fulani. "Da nononsu na shayar da ku. Ni ba na sha."

"To ki bari in ja miki."

"Kai mai makulli ne. Je ka ja naka."

Gari ya ɗauka. Ana cewa uwar Malam na jan guga da hannunta, ɗanta na zaune a kan buzu. Malam ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya kira ni zaure bayan azahar, ya sallami gardawa, muka zauna. Can ya ce, "Ka yi mata magana."

"Na yi, Malam."

"Mi ta ce?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi. Muna nan sai ga ta ta fito za ta zagaya, ta tsaya a bakin ƙofa ta juya mana baya, ta ce wa bango, "A faɗa wa mai gidan nan, wanda ya san hanyar kora ya san hanyar kira." Ta wuce.

Washegari da sassafe ni da Malam muka kama hanyar Ruma, ni ina tura keke, shi yana kan jaki. Tafiya ce mai nisa, ga rana, ga ba mu san ainihin inda suka sauka ba, sai tambaya. Ni dai zuciyata na kan injin da na bari a rufe da kuma mutanen da za su zo rumfa su tarar ba ni. Muka same su bayan azahar. Rafin ya koma kwatami-kwatami, shanu sun zube, ƙashin bayansu a waje. Kawu ma ba a cikin daɗi yake ba, an sace masa bijimai biyu, wasu 'yan maruƙa sun mutu. Amma ya tarbe mu kamar ba abin da ya faru. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kindirmo, aka yi gaisuwa mai tsawo, gida-gida, mutum-mutum. Ya tambayi Adda. Malam ya ce, "Tana jan ruwa a rijiya." Kawu ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "Kawu, bakina ya yi gaba da ni. Ka yafe."

"Ya wuce. Amma in na koma a sake tsayawa ana ƙirga mini shanu, zan sake tashi."

Ni ne na yi magana a nan, don abin ya daɗe yana cina. Na ce ni ma na gaji da ƙirge. Na ce duk rigimar nan daga abu ɗaya take: kuɗi na shiga wuri ɗaya, mai na ƙonewa wuri ɗaya, ba wanda ya san nasa ya ƙare a ina, sai kowa ya zargi ɗan'uwansa, dukansu kuma su zarge ni. Na ce me zai hana a raba lokaci. Da safe injin ya cika tankin gari da man da gari ya saya. In tanki ya cika a kashe, ya huce. Da yamma a juya bututu zuwa kwami, masu shanu su zo da nasu man a galan, su zuba da hannunsu, su tsaya a kai. In sun ga dama su shayar da baƙi, nasu ne. Yadda za su raba a tsakaninsu, su suka san shanun juna, ba ruwan kowa.

Kawu ya ce, "Wannan ya yi. Gyara fa? In ya sake mutuwa, da safe ya mutu ko da yamma?"

Nan muka tsaya. Muka yi ta juya maganar har inuwa ta miƙe. Malam ne ya ce akwai saura, wata tsohuwar gona da mahaifinmu ya bari a kudu da gari, ta gaji, ba a noma ta. Ya ce ya ba da ita ga inji. Kawu ya ce in haka ne shanu za su kwana a cikinta da rani har ta farfaɗo. Malam ya ce gardawa za su yi shuka da noman fari. Na ce sauran gari su yi gayyar maimai da girbi. Abin da aka samu a sayar a ajiye domin gyara kaɗai, ba a taɓa shi don mai.

Da muka kawo wa mai gari, ya sake tara mutane. Ba a karɓa da tafi ba. Masu buga tubali suka yi ta gunaguni da aka ce su ma su zo da mansu, a ba su nasu lokaci. Aka hana wanki da wanke mota a bakin famfo. Aka sa mata biyu masu faɗa a ji su riƙa lura da famfuna, kuma su ne suka matsa aka canza wanda ke ɗiga. Kuɗin man gari aka bar shi a kan kai, amma kowace unguwa ta tara nata ta kawo, su suka san wanda ya tafi ci-rani da wanda ya ɓuya a ɗaki. Tsofaffin da ba su da kowa aka ɗauke musu. Ni kuma na roƙi a sa kwaɗo na biyu a ƙofar ɗakin, makullinsa a hannun wani daga ruga, don kada a sake cewa tela na shiga shi kaɗai.

Rugar ta dawo kafin ruwan farko. Ranar da shanu suka jeru a kwami, Inna ta aiko jika da ƙwarya a cika mata a famfo.

Ba zan ce an zauna lafiya daga nan ba. An yi faɗa a kan wa zai fara in ranar kasuwa ta kama, an yi a kan ragowar man da ya kwana a cikin inji daga yamma zuwa safe, na wane ne. Gayyar farko rabin gari ba su fito ba sai da mai gari ya aika. Ni kuma ban daina jin ƙarar injin a kunnena ba ko yana kashe. Amma gonar ta yi gero da gyaɗa fiye da yadda aka zata, kuma da injin ya sake tsayawa a rani na gaba ba a tara kowa ba. Bakanike ya ce wani ɗan ƙarfe ne mai fesa mai ya lalace, babu shi a Batsari, sai Katsina. Aka ce mu je mu biyu, ni da Kawu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Kawu bai taɓa shiga Katsina ba. Ya ɗaure kuɗin gonar a cikin lalitarsa, hannunsa a kai tun daga tasha. Muka yi ta yawo shago-shago da tsohon ƙarfen a tsumma. Ya yi ciniki kamar mai sayen saniya, ya fita, ya dawo, ya sake fita, har mai shagon ya gaji ya sallama. Da muka fito muna neman hanyar tasha, sai muka ga famfo a bakin titi yana ta zuba, ba kowa a wurin, ruwa ya yi hanya yana bin kwata. Kawu ya tsaya cak. Ya tsallaka titi, mai babur ya kusa kwashe shi, ya kama kan famfon yana murɗawa. Kan ya lalace, juyawa kawai yake. Ya dubi wani mai shayi da ke kusa ya ce, "Malam, wannan wa ke zuba masa mai?"

Mai shayi ya ce, "Na gwamnati ne, baba."

"To ita ba ta da mai makulli?"

Mutumin ya yi dariya. Da ƙyar na janye Kawu, yana tafe yana waiwaye.

A mota muka sami wuri a baya, kan buhunan gishiri. Ƙarfen yana cinyarsa, ya riƙe da hannu biyu. Da yaron mota ya zo karɓar kuɗi na ce wa Kawu ya ciro daga ragowar kuɗin gona, tun da aikin inji ya kawo mu. Ya ce a'a, an ce kuɗin gona na gyara ne kaɗai, mota ba gyara ba ce. Na ce to ƙarfen da ƙafarsa zai je gida? Ya ce ni ai na sayi zare da maɓallai a kasuwa, ya gani, saboda haka tafiyata biyu ce, rabi nawa rabi na inji. Na ce shi ma ya sayi kanwa. Ya ce kanwar ta shanu ce, shanun kuma su ke takin gonar. Mai karɓar kuɗi ya gaji da tsayuwa ya ce mu dai biya, ma ƙarasa shari'ar a gida. Kowa ya ciro daga aljihunsa, Kawu yana cewa zai kai maganar gaban mai gari. Ya kuwa kai, aka kuma yi rabin yini a kanta.